Yadda ake zana titin birni da magariba bayan an ɗauke ruwa

Busasshen titi da dare ba shi da wani abin kallo ga mai zane: fitilu a sama, kwalta toka-toka a ƙasa. Da ruwa ya sauka sai lissafi ya canza. Kowace fitila ta zama biyu, ɗaya a inda take, ɗaya kwance a kan kwalta, ta ƙasan ma ta fi tsawo, tana miƙowa har ƙafar mai kallo. Wannan ne ke jan masu fenti zuwa ga magaribar damina, kuma a nan ne yawancin masu koyo ke yin tuntuɓe. Sukan ɗauka yawan launi ne sirrin, su cika allo da ja da rawaya da kore tun daga sama har ƙasa, a ƙarshe ba fitila ko ɗaya da ta kama. Fenti ba ya fitar da haske. Farin da ya fi kowane fari a cikin tub ɗin fenti bai kama ƙafar hasken ƙwan lantarki ba. Duhun da aka kewaye ɗigon rawaya da shi ne ke sa ya yi kamar yana ci, saboda haka mafi yawan aikin nan gina duhu ne. Launuka masu ƙarfi sai a ƙarshe, kaɗan-kaɗan, a inda suka dace.

Misali ɗaya za mu ɗauka mu bi: wani titi a Kano cikin watan Agusta, an ɗauke ruwa ana gab da kiran magariba. A daidaita sahu biyu, teburin mai shayi, shago mai fitila, da koriyar fitilar hasumiyar masallaci can nesa. Allon zanen santimita 40 ne a faɗi, 50 a tsawo, a tsaye.

Abin da ruwa ke yi wa titi

Kwalta tana da ƙananan ramuka da tsakuwa masu watsa haske ta kowane ɓangare, shi ya sa take yin toka-toka in ta bushe. Ruwa kan cike ramukan nan, sai abu biyu su faru tare: kwaltar ta ƙara duhu, samanta kuma ya zama madubi. Sai dai madubin ba ƙarfi ɗaya gare shi ko'ina ba. Ruwan da ke daidai ƙafarka kashi 2 cikin 100 kacal na haske yake maidowa, shi ya sa ƙasan kududdufin kake gani. Wanda kake hangowa daga nisan mita 20, kana tsaye, yakan maido fiye da rabi. Ma'anar wannan a kan allo ita ce: titi can nesa yakan ɗauki launin sararin sama, ya yi haske, ƙasan allon kuma, inda mai kallo yake tsaye, shi ne mafi duhu.

Abu na biyu, hasken da ya kwanta a kwalta, wanda za mu riƙa kira hasken ƙasa, kullum idon mai kallo yake nufowa. A kan allo yana saukowa ne miƙe daga ƙarƙashin fitilarsa, ba ya bin karkatar titi. Tsawonsa kuma daga rashin santsin kwalta ne da motsin ruwa: dubban ƙananan madubai, kowanne ya ɗan karkata, suna ja masa tsawo. Na uku, iskar da ruwa ya jiƙa tana watsa haske, sai kowace fitila ta yi kewayen haske mai dushewa, gine-ginen nesa kuma su rasa kaifin gefensu.

Yana da kyau a nemi wasu ayyuka a intanet a ƙura musu ido kafin a taɓa fenti. Camille Pissarro ya zana titin Montmartre na birnin Faris da dare a 1897, daga tagar otal, zanen yana gidan adana zane na ƙasa a Landan. Dubi yadda ya raba farin hasken fitilun titi da ruwan goron hasken shaguna, ka kuma lura da yawan allon da ya bari cikin shuɗi mai duhu. Gustave Caillebotte ya yi nasa na ranar ruwa a Faris a 1877, yana Chicago yanzu. Ba za ka ga layin ruwan sama a ciki ba, laima da ƙyallin duwatsun titi ne kawai suka faɗi labarin. Leonid Afremov, wanda aka haifa a Vitebsk ta Belarus a 1955 ya rasu a 2019, shi ne ya fi shahara da irin wannan zane da wuƙar fenti da launuka masu ihu. Shi aka fi kwaikwayo, kuma kwaikwayonsa ne ya fi lalacewa, domin masu kwaikwayon launin suke ɗauka su bar duhun. A gida Najeriya, ayyukan Abiodun Olaku na fitilu a bakin ruwan Legas da yamma darasi ne a kan yadda toka-toka ke ɗaga ɗan ƙaramin haske.

Fita a gani da ido

Lokacin gajere ne. A Kano cikin Agusta rana kan faɗi wajen ƙarfe 7 saura kwata, shuɗin da ke biyo baya kuma bai fi minti 20 zuwa 25 ba kafin duhu ya rufe. Wannan tsakanin ake so, domin sama ba ta mutu ba tukuna, fitilu kuma sun kunnu. In aka bari dare ya yi sosai, sama ta zama baƙa, hoton ya rasa rabin launinsa.

Ɗauki hoto da waya daga ƙarƙashin rumfa, amma kada ka amince da ita ɗari bisa ɗari. Waya kan ƙone fitilu su zama farin tabo, ta kuma haskaka duhu da kanta. Taɓa fitila mafi haske a fuskar wayar, ka ja hasken ƙasa har launin fitilar ya bayyana, ka ɗauka. Sake ɗauka ɗaya yadda wayar ta ga dama, don ganin abin da ke cikin duhu. Sannan rubuta launuka a takarda da kalmomi: fitilar sola fara ce mai ratsin shuɗi, tsohuwar fitilar titi ruwan goro, wutar mai tsire ja-ja, ruwan da ya kwaso jar ƙasa daga gefen hanya ruwan makuba. Abin da ido ya gani ya fi na waya gaskiya.

Kayan aiki

Mai farawa ya ɗauki fentin akirilik. Yana bushewa cikin minti 10 zuwa 20 in an shafa shi siriri, da ruwa ake wanke shi, kuma ana iya rufe kuskure nan take. Aibinsa biyu: yana ɗan ƙara duhu in ya bushe, kuma ba ya jira a gauraya gefe da gefe. Fentin mai ya fi daɗin gauraya kewayen fitila, launinsa ba ya canzawa in ya bushe, amma sai an yi kwanaki kafin a iya taɓa shi. Matakan da ke ƙasa duka biyun sun shafa.

Launi bakwai sun isa. Sunayen da kamfanoni ke sa wa tub sun bambanta, amma lambar sinadarin da ke rubuce a jikinsa ba ta canzawa, ita za a duba:

- Fari, PW6. A sayi babban tub, shi ya fi ƙarewa.
- Shuɗin altaramarin, PB29, mai ratsin ja. Shi ne uwar sama da duhu.
- Shuɗin fitalo, PB15, mai ratsin kore. Ƙarfinsa ya yi yawa, kan tsinke ya isa.
- Rawaya, PY74 ko PY35.
- Ja mai ɗumi, PR254 ko PR108.
- Majenta, wato ja mai ratsin shunayya, PR122. A guji PR83, yana koɗewa da daɗewa.
- Ruwan ƙasa mai duhu, PBr7.

Babu baƙi a jerin, da gangan. Baƙin tub yana kashe duk launin da ya taɓa, ya bar rami a hoton. PY35 da PR108 kuwa suna da sinadarin kadmiyam mai guba: ba a cin abinci da hannun da ya taɓa su, ba a lasar buroshi, ba a goge busasshensu da samfefa.

Buroshi huɗu: mai faɗin santimita 4 ko 5 don shimfiɗa, masu baki shafaffe biyu, lamba 10 da lamba 4, da siriri mai dogon gashi. Wuƙar fenti biyu, mai bakin santimita 5 da ƙarama mai tsini. Tsumma, kofin ruwa biyu, da ƙaramar kwalbar fesa ruwa. Don kada akirilik ya bushe a faranti, samu roba mai murfi, shimfiɗa jiƙaƙƙen soso siriri, ɗora takardar gashin kek a kai, ka matsa fentin a kanta. Zai kwana bai bushe ba.

In ba a samu kambas, wato yadin da ake zane a kai, wanda aka shirya ba, akoko mai kauri da aka ja aka buga a firam ɗin katako zai yi, ko fale-falen katako. A shafa jeso, wato farin shafin da ake shirya allo da shi kafin fenti, sau uku, na farko a kwance, na biyu a tsaye, na uku a kwance, kowanne ya bushe kafin na gaba. In fentin mai za a yi, wannan shafin ba zaɓi ba ne, domin mai yana cin zaren da ba a rufe ba.

Tsari da shimfiɗa

Kafin allo, yi ƙananan zane uku a takarda, kowanne bai wuce tafin hannu ba, da fensir, matakin haske uku kawai: duhu, tsaka-tsaki, fari. Nemi wanda duhu da tsaka-tsaki suka cinye kusan kashi 90 cikin 100, farin bai wuce 10 ba. Zaɓi fitila ɗaya da za ta zama sarauniya. A misalinmu fitilar mai shayi ce, a ɗan hagu da tsakiya. Duk sauran za su rage mata ƙarfi.

Rina allon gaba ɗaya da ruwan ƙasa kashi 2, majenta kashi 1, an tsinka da ruwa, a goge da tsumma har ya zama ja-ja mai haske. Amfaninsa biyu: farin allo yana ruɗin ido, kowane launi ya yi kamar ya cika duhu a kansa, kuma ɗumin da zai riƙa leƙowa ta tsakanin shuɗi shi ke haɗa hoton. Ruwan tsinkawa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na akirilik, in ya wuce fentin ba ya kama allo da kyau.

Ja layin ido, wato layin da ke daidai tsayin idon mai kallo, a kwance, kimanin kashi 40 cikin 100 daga saman allo, domin titi ya samu fili babba. Sa ɗigo ɗaya a kan layin, inda titi zai ƙare. Gefen hanya, bakin rufin shaguna, wayoyin lantarki, duk can za su nufa. A fili mai lebur, kawunan duk manyan da ke tsaye a kan layin idon nan suke faɗawa, na kusa da na nesa, ƙafafunsu ne kawai ke sauka ko hawa. A daidaita sahu ma kusan tsayin mutum gare shi, rufinsa na kusa da layin. Da alli ko siririn fenti za a yi wannan zane, manyan siffofi kawai, ba taga ba ƙofa.

Abu ɗaya da ake mantawa: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Nijar ma haka take. Idan kana kallon tsawon titi, jajayen fitilun baya na masu tafiya suna dama, fararen fitilun masu tahowa suna hagu. Wanda ya kwafo hoton Landan zai juya su bai sani ba.

Duhu da farko

Haɗa launuka huɗu da yawa kafin ka fara, kowanne cikin cokali babba, don kada su yanke a tsakiyar aiki.

Duhun gini: altaramarin 2, ruwan ƙasa 1. Ya kusa baƙi amma yana numfashi. Ƙara ɗan majenta in ana son ya karkata shunayya.

Saman sama: altaramarin 3, fari 2, majenta rabi, ruwan ƙasa ɗan taɓawa.

Ƙasan sama, kusa da rufin gidaje: haɗin da ya gabata, a ninka farin, a ƙara majenta da ɗigon ja. Hasken gari ne ke dukan gajimare daga ƙasa.

Kwalta: altaramarin 2, ruwan ƙasa 1, majenta rabi, fari rabi.

Da babban buroshi, shafa sama daga sama zuwa ƙasa, ka haɗa bakin launukan biyu tun suna danye. In akirilik ne, fesa ruwa sau ɗaya kafin haɗawa. Sannan gine-gine: na kusa da duhun gini tsantsa, na tsakiya a zuba masa kashi ɗaya cikin uku na launin sama, na nesa rabi da rabi, har su kusa narkewa. Wannan narkewar ce ke nuna iska a jiƙe take. Bishiyar darbejiya a gefen hanya duhu ce mai ɗan fitalo, ba kore shar ba, da magariba ganye ba ya nuna korensa sai inda fitila ta dafa shi.

Titi kuma a tsaye za a ja buroshi, daga layin ido zuwa ƙasa. Can nesa yi amfani da launin ƙasan sama da aka ɗan rage wa haske, a tsakiya launin kwalta, a ƙasan allo a ƙara duhun gini. Ƙarƙashin kowane gini mai duhu, ja duhunsa ya sauko cikin titi. Ka'idar da za a riƙe: abu mai duhu yakan ɗan yi haske a cikin ruwa, abu mai haske kuma yakan ɗan yi duhu.

A wannan mataki hoton zai yi muni, shuɗi da toka ba armashi. Haka ake so. Ɗauke shi da waya, mai da hoton baƙi da fari. In sama, gini da titi sun rabu a fili ba tare da launi ba, ci gaba. In sun cakuɗe, gyara yanzu, domin babu rawayar da za ta cece shi daga baya.

Kunna fitilu

Daga waje ake gina fitila zuwa ciki. Ɗauki ta mai shayi. Da farko kewaye mafi faɗi, kimanin santimita 8 a wannan allo: majenta da ɗan launin bangon da ke bayanta, siriri, da buroshi kusan busasshe, a murza gefen har ya ɓace. A ciki, santimita 5, ja mai ɗumi da ɗan rawaya. A ciki kuma, santimita 2 zuwa 3, rawaya 3 da ja 1. Sai rawaya tsantsa. A ƙarshe ƙwayar: fari 4, rawaya 1, da kaurinsa, da bakin wuƙa, bai fi ƙwayar wake ba, a ɗora sau ɗaya a bar shi.

Dalilin majentar nan yana da muhimmanci. Rawaya in ta haɗu da shuɗi kai tsaye kore take bayarwa, ruwan goro da shuɗi kuma laka. Majenta ce gadar da ke tsakaninsu, tana zama lafiya da shuɗi, tana zama lafiya da ja. Duk fitilar da ka ga ta yi koren kewaye mai datti a hoton mai koyo, gadar nan aka tsallake.

Fitilar sola ko ta shago mai farin ƙwai kewayenta sanyi ne: altaramarin da fari a waje, fari da ɗigon fitalo a ciki, ƙwayar fari tas. Koriyar fitilar masallaci: fitalo kaɗan da rawaya 4, ƙwayar a ƙara fari. Tunda nesa take, ƙarama za ta zama, kuma a ɗan kashe ta da launin sama.

Jar fitila ce mai wuyar sha'ani. In ka sa wa ja fari don ya yi haske, ruwan hoda zai zama, ya huce. Hanya biyu ce. Ko dai a haskaka shi da rawaya, ƙwayar ta zama ruwan goro, ko a ɗiga fari a bar shi ya bushe sarai, sannan a shafa siririn ja mai ratsa haske a kai. Ta biyun ta fi ba da jan da ke ci, domin haske na ratsa jan ya daki farin ya dawo.

Kada duk fitilu su zo da girma ɗaya ko tazara ɗaya. Masu nisa suna ƙanƙancewa, suna matsowa kusa da juna, suna rasa farar ƙwaya. Fari tsantsa a wuri biyu ko uku kawai.

Hasken ƙasa

Nan hoton ke tashi ko ya faɗi. Ɗauki rula ko igiya mai ɗaure da dutse, ka sauko da layi miƙe daga kowace fitila, ka yi alama. Hasken ƙasanta a kan layin nan zai zauna, ko da titin ya karkata. Wurin da ya fi ƙarfi: auna daga fitila zuwa gindin sandarta, ka maimaita wannan tsawon daga gindin zuwa ƙasa. A can ainihin hoton fitilar yake, daga nan ya ja sama da ƙasa. Fitilar mota tana kusa da ƙasa, nata hasken kusan daga tayar yake farawa, da ɗan siririn duhu a tsakani.

Mataki uku ne. Na farko, da buroshi lamba 10, ja launin kewayen fitilar, wato majenta da ja, a tsaye, faɗinsa ya ɗan fi fitilar, tsawonsa ninki uku zuwa biyar na faɗin, ƙarshensa ya dushe. Na biyu, da wuƙa: ɗebo ruwan goro a gefen wuƙar, siririn layi, ka kwantar da ita ka ja ƙasa da sauƙin hannu, yadda mai shayi ke shafa bota a burodi, fentin ya kama wani wuri ya tsallake wani. Tsallaken nan shi ne tsakuwar kwalta, kada a cike shi. Na uku, yanka shi a kwance: da launin kwalta a ƙaramin buroshi, ja gajerun layuka a kwance su ratsa hasken. Can nesa layukan sirara ne a matse, kusa da mai kallo su yi kauri su buɗe. Wannan ne ke kwantar da titi. In babu shi, hasken zai yi kamar a tsaye yake a bango.

Kowane hasken ƙasa ya gaza fitilarsa haske da mataki ɗaya. In ƙwayar fitila fari da rawaya ce, mafi hasken na ƙasa rawaya ce da ɗan ja. Amma ya halatta ya fi ta cikar launi, kuma a nan ne za a saki hannu da launuka masu ƙarfi: ja wur kusa da shuɗi, ruwan goro kusa da shunayya. Sharaɗin kawai a bar duhun kwalta tsakanin kowane biyu. Goge wuƙa da tsumma duk bayan ka ja ta. Jan wuƙa biyu a wuri ɗaya sun isa, na uku laka yake kawowa.

Kududdufi daban yake da jiƙaƙƙiyar kwalta. Ruwansa a kwance yake, saboda haka hoton da ke cikinsa a fili yake, a kife, gefensa da kaifi. Siffarsa a allo shafaffiya ce, faɗinta ya ninka tsayinta sau da yawa. Ɗaya ko biyu sun isa. Na gefen titinmu yakan ɗauki jar ƙasa, a haɗa masa ruwan ƙasa da ja da ɗan launin sama, wannan kaɗai zai raba hoton da titin Turai. Sawun taya kuma, layi biyu masu ɗan duhu da ke nufar ɗigon ƙarshen titi, shi kaɗai ne abin da ke bin karkatar hanya a cikin ruwan.

Mutane, ababen hawa da ruwan kansa

Mutum a irin wannan haske siffa ce mai duhu: dogon tabo, ƙaramin kai, tsawon jiki kamar kai bakwai da rabi. Masu koyo kan girmama kai, a rage shi. Ba fuska, ba yatsu. Ɗan layin haske a gefen da ke fuskantar fitila, da launin fitilar, shi ke fito da kafaɗa ko hijabi. Ƙafafu su narke cikin hotonsu da ke ƙasa, wanda za a ja a tsaye da duhun gini. In an bar tazara tsakanin ƙafa da hoton, mutumin zai yi kamar yana shawagi. Wanda ya tattare bakin wando, ko ya ɗora leda a ka, ya fi laima faɗin gaskiyar titinmu. Mai kauce wa zana abu mai rai kuwa ba abin da ya rasa: titi wayam, da benci da kofuna a kan tebur, yana da nasa yanayin, wani lokaci ma ya fi nauyi.

Rawayar a daidaita sahu ba rawayar tub ba ce da magariba. Jikinsa rawaya 2, ruwan ƙasa 1, majenta kaɗan. Rawaya tsantsa sai a kusurwar da fitila ta doka.

Layin ruwan sama kuma, gara ƙaranci. Ido ba ya ganin ɗigon ruwa sai inda haske ya ratsa shi a gaban duhu, wato kusa da fitila ko gaban fitilar mota. In za a sa, bayan komai ya bushe, da siririn buroshi da launin fitilar da aka tsinka, gajerun layuka goma zuwa goma sha biyar, duka karkata ɗaya. A fentin mai ana iya karce su da tsinin wuƙa tun yana danye. Fararen layuka a ko'ina cikin allo suna kashe duk zurfin da aka gina.

In abu ya ɓaci

Launi ya zama laka: an gauraya danye a kan danye fiye da kima, ko ruwan wanke buroshi ya yi datti. A akirilik bari ya bushe ka rufe da duhu ka sake. A mai, kankare da wuƙa har ƙasa. Ware buroshi ɗaya na launuka masu ɗumi, ɗaya na masu sanyi.

Hoton ya yi fari-fari kamar an barbaɗa alli: fari ya shiga kowane haɗi. Bayan ya bushe, shafa siririn altaramarin da majenta a kan komai ban da fitilu.

Ido ya rasa wurin tsayawa: fitilu sun yi gasa. Rufe su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, duk wadda hoton ya fi kyau ba ita, a kashe ta da shafin shuɗi.

Fentin mai ya tsage bayan watanni: an ɗora siriri mai saurin bushewa a kan mai kauri da bai bushe ba. Shafin ƙasa a tsinka da tafentin, wato ruwan tsinka fentin mai, na sama a ƙara man linsid, man da ake haɗa fentin da shi, kauri a ƙarshe. Kananzir na wanke buroshi, amma kada ya shiga cikin fenti, yana hana shi bushewa yadda ya kamata. Tsumman da ya sha man linsid kan iya kama wuta da kansa in an dunƙule shi, a shanya shi a buɗe ko a jiƙa shi a ruwa cikin gwangwani.

Yanayi ma na da hannu. Da damina laima na jinkirta bushewa, bayan kambas kan yi fumfuna in an jingina shi da bango mai sanyi, a sa masa katako a baya iska ta ratsa. Da hunturu akirilik na bushewa a bakin buroshi, ƙura kuma na manne wa danyen mai, a juya fuskar allon ga bango da ɗan tazara. Banish mai ƙyalli, wato shafin kariya da ake yi wa zane bayan ya bushe, ya dace da wannan hoto, domin yana dawo da zurfin duhun da ya dushe. A akirilik a jira mako ɗaya, in an yi kauri da wuƙa mako biyu. A fentin mai wata shida ne mafi ƙaranci. Shafi biyu sirara, allon a kwance, a ɗakin da ba a yi shara ba ranar.